Amurka: An karɓi 'yan Mormon ne, ko ƙuri'a ce ta haɗa?

Ranar Lahadi 28 ga watan Satumban 2025, wani tsohon sojan Amurka ya kutsa da mota cikin wata majami'ar mabiya ɗariƙar Mormon a Grand Blanc da ke jihar Michigan, ya buɗe wuta a kan masu ibada, sa'an nan ya cinna wa ginin wuta. Mutane huɗu suka rasu, shi kuma 'yan sanda suka harbe shi. Daga baya hukumar bincike ta FBI ta ce ƙiyayyar ɗariƙar ce ta ingiza shi.

Sa'o'i kaɗan bayan harin Shugaba Donald Trump ya ce ga dukkan alamu wani hari ne kuma aka kai wa Kiristoci. Tun kafin a binne mamatan, wannan kalma ta tayar da ƙura. Wasu fastoci sun fito suna cewa suna jajanta wa waɗanda abin ya shafa, amma dai su 'yan Mormon ba Kiristoci ba ne, kuma bai kamata jimami ya sa a rufe ido a kan haka ba.

Shekaru goma sha uku kafin nan, mabiyan irin waɗannan fastoci ne suka yi tururuwa suka zaɓi Mitt Romney, ɗan Mormon gaba da baya, domin ya shugabanci ƙasar. Yadda waɗannan abubuwa biyu suke tafiya tare shi ne abin dubawa.

Inda aka raba gari

Sunan ɗariƙar na ainihi shi ne Cocin Yesu Almasihu na Waliyyan Ƙarshen Zamani. Joseph Smith ne ya kafa ta a jihar New York cikin 1830, kuma laƙabin Mormon ya samo asali ne daga littafin da ya wallafa a wannan shekarar, wanda ya ce wani mala'ika ne ya nuna masa faifayen zinaren da ya fassaro shi daga gare su. Tana da mabiya fiye da miliyan 17 a duniya, kuma ƙasa da rabinsu ne ke zaune a Amurka, inda ba su wuce kashi biyu cikin ɗari na al'ummar ƙasar ba. Tun 2018 shugabanninta suka nemi a daina kiransu Mormon, domin a cewarsu laƙabin yana ɓoye sunan Almasihu, amma bakin jama'a ya riga ya saba.

Su dai suna ɗaukar kansu Kiristoci ne, har ma suna ganin su ne suka farfaɗo da Kiristancin farko bayan ya gurɓace. Wannan da'awa ita kanta zagi ce a kunnen sauran majami'u. Bayan haka akwai saɓani na aƙida mai zurfi. 'Yan Mormon suna da littattafai masu tsarki ban da Baibul. Shugabansu mai rai suna kiransa annabi. Ba su yarda da aƙidar Triniti yadda Katolika da Furotesta suka gada ba, domin a wurinsu Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki uku ne daban-daban waɗanda manufa ɗaya ta haɗa.

Saboda haka ne fadar Paparoma ta yanke hukunci a 2001 cewa baftismar 'yan Mormon ba ta inganta ba, watau wanda ya bar su zuwa Katolika sai an sake masa. Shekara guda kafin nan babban taron cocin Methodist ya ce ɗariƙar ba ta cikin Kiristancin da aka gada daga manzanni. Gamayyar majami'un Baptist na kudancin Amurka, wadda ta fi kowace ɗariƙar Furotesta girma a ƙasar, har a birnin Salt Lake, cibiyar 'yan Mormon, ta gudanar da taronta na shekara a 1998, mahalarta suka riƙa bi gida-gida suna wa'azi.

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan matsayi da aka janye har yau.

Kora da kisa

Sai dai idan aka duba tarihi, ba musun aƙida ne kaɗai ya jawo zubar da jini ba. Abin da ya fi tsorata maƙwabtansu shi ne yadda 'yan Mormon ke tarewa wuri guda, su yi ciniki a tsakaninsu, kuma ranar zaɓe su kaɗa ƙuri'a baki ɗaya bisa umarnin shugaba. Duk gundumar da suka sauka, mulkinta na iya komawa hannunsu.

A watan Oktoban 1838 gwamnan Missouri, Lilburn Boggs, ya ba da umarni a rubuce cewa a kore su daga jihar ko kuma a hallaka su. Kwanaki uku bayan haka 'yan bindiga suka kashe musu mutane 17 a wani ƙauye da ake kira Haun's Mill. Umarnin ya ci gaba da zama a kundin jihar har 1976, lokacin da gwamna Christopher Bond ya soke shi ya kuma nemi afuwa.

A 1844 Joseph Smith ya fito takarar shugabancin Amurka. A watan Yunin shekarar aka tsare shi bayan da ya sa aka farfasa maɗaba'ar wata jarida da ta fallasa cewa yana auren mata da yawa a ɓoye. Gungun mutane suka afka wa gidan yarin Carthage a jihar Illinois suka kashe shi da ɗan'uwansa. Magajinsa Brigham Young ya kwashe mabiya suka ƙetara sahara da duwatsu, suka isa kwarin Salt Lake a 1847.

Su ma hannunsu ba a wanke yake ba. A 1857, daidai lokacin da Shugaba James Buchanan ya tura sojoji yankin Utah, mayaƙan Mormon sun yi wa matafiya kusan 120 kisan gilla a Mountain Meadows, abin da abokan gaba suka daɗe suna kafa hujja da shi.

Jam'iyyar Republican, wadda a yau ita ce gidan mafi yawan 'yan Mormon, da yaƙarsu ta soma. A kundin manufofinta na farko cikin 1856 ta haɗa bauta da auren mace fiye da ɗaya ta kira su ragowar jahiliyya guda biyu da ya wajaba a kawar. Masu wa'azi da 'yan jarida na wancan zamani sun riƙa kwatanta 'yan Mormon da Musulmi da Turkawa, kuma da nufin cin mutunci suke yi. Ita kanta Kotun Ƙoli, a shari'ar Reynolds ta 1879, ta ce auren mata da yawa al'ada ce ta mutanen Asiya da Afirka wadda Turawa suke ƙyama tun fil azal. A wannan hukunci ne kotun ta kafa ƙa'idar da ake ambato har yanzu, cewa mutum na da 'yancin yin imani da abin da ya ga dama, amma gwamnati na da ikon hana shi aikata shi.

Abin da aka biya

Matsin ya ƙaru. Dokar 1882 ta hana masu mata fiye da ɗaya yin zaɓe da riƙe muƙami, aka kuma ɗaure ɗaruruwa. Dokar 1887 ta rushe cocin a hukumance ta ba da damar ƙwace dukiyarsa. A yankin Idaho kuwa zama ɗan ɗariƙar kaɗai ya isa ya hana mutum kaɗa ƙuri'a, kuma Kotun Ƙoli ta amince da haka a 1890.

A wannan shekarar ce shugaban cocin, Wilford Woodruff, ya ba da sanarwar daina ƙulla irin wannan aure. Aka rushe jam'iyyar da cocin yake da ita, aka shawarci mabiya su rarrabu tsakanin Republican da Democrat. A 1896 Utah ta zama jiha.

Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba. A 1900 majalisar wakilai ta hana B. H. Roberts zama a kujerar da ya ci, saboda yana da mata fiye da ɗaya. A 1903 Utah ta aika Reed Smoot majalisar dattawa. Matarsa ɗaya ce, amma yana cikin manyan jagororin cocin su goma sha biyu. Majami'un Furotesta da ƙungiyoyin mata suka cika majalisar da takardun koke, aka shafe shekaru daga 1904 zuwa 1907 ana bincike, har aka kira shugaban cocin na lokacin ya amsa da bakinsa cewa yana zaune da matansa. A ƙarshe, da goyon bayan Shugaba Theodore Roosevelt, aka bar Smoot a kujerarsa, inda ya kai har 1933.

Kundin tsarin mulkin Amurka, a sashe na shida, ya haramta gindaya sharaɗin addini ga mai neman muƙami. Amma abin da ya faru a zahiri shi ne ciniki: ɗariƙar ta ajiye abin da masu rinjaye suka fi ƙi, su kuma suka buɗe mata ƙofar majalisa. Daga nan 'yan Mormon suka zama abin misali wajen kishin ƙasa, da riƙon iyali, da ƙauracewa giya da taba. Ezra Taft Benson ya riƙe ma'aikatar noma shekaru takwas a gwamnatin Eisenhower, daga baya kuma ya shugabanci cocin. Sauyi na biyu mai girma ya zo a 1978, lokacin da aka ɗage haramcin naɗa baƙar fata a matsayin limamai. A ƙarshen wannan shekarar ne 'yan mishan na cocin suka sauka a Najeriya da Ghana a hukumance.

Gwajin Romney

Fadar White House ita ce ta rage. A 1967, lokacin da George Romney, gwamnan Michigan, yake shirin takara, cibiyar Gallup ta gano cewa kashi 17 cikin ɗari na Amurkawa ba za su zaɓi ɗan Mormon ba. A 2011, da ɗansa Mitt ya fito karo na biyu, adadin kashi 22 ne. A tsawon waɗannan shekaru ƙin zaɓen baƙar fata da mata da Yahudawa da 'yan Katolika ya ragu ƙwarai, amma na 'yan Mormon ya tsaya cak.

Matsalar Mr Romney ita ce, ba a samun tutar Republican ba tare da Kiristoci masu wa'azin bishara, waɗanda ake kira 'yan Ibanjelika ba. A ƙarshen 2007 abokin hamayyarsa Mike Huckabee, tsohon fasto a cocin Baptist, ya tambayi wani ɗan jarida ko ba 'yan Mormon ne suka ce Yesu da Shaiɗan 'yan'uwa ba ne. Ya ba da haƙuri daga baya, amma magana zarar bunu ce. Ya lashe zaɓen fid da gwani na Iowa da kashi 34, Mr Romney na da 25.

Jawabin da Mr Romney ya yi a Texas ranar 6 ga Disamban 2007 ana yawan kwatanta shi da wanda John Kennedy, ɗan Katolika, ya yi a gaban fastoci a Houston cikin 1960. Akwai kama, domin dukansu sun yi alkawarin cewa shugabannin addininsu ba za su juya su ba. Amma Kennedy cewa ya yi a raba addini da mulki kwata-kwata. Mr Romney kuwa cewa ya yi 'yanci ba ya tsayawa sai da addini, ya kuma yi kira ga masu imani na kowane ɓangare, har ya yaba da yawan sallar Musulmi, su haɗa kai a kan masu son korar addini daga rayuwar jama'a. Sau ɗaya tak ya ambaci kalmar Mormon. Watau bai roƙi a yarda da aƙidarsa ba, abokin gaba ya nuna musu wanda ya ce na kowa ne.

Shekaru huɗu bayan haka dabarar ta soma aiki, ko da yake da jan ƙafa. A watan Oktoban 2011 Robert Jeffress, faston wata babbar majami'ar Baptist a Dallas, ya shaida wa manema labarai cewa Mormon ɓatacciyar ƙungiya ce, kuma Kirista ya kamata ya fifita Kirista. A jihohin kudu kamar South Carolina da Alabama da Mississippi, masu zaɓe sun gwammace Newt Gingrich ko Rick Santorum, waɗanda dukansu 'yan Katolika ne. Kakannin waɗannan masu zaɓe su ne suka yaƙi Kennedy saboda Katolikancinsa.

Da Mr Romney ya sami tuta, sai iska ta juya. Fasto Jeffress ya ce zai zaɓe shi ba tare da ya janye ko kalma ɗaya ba. Jami'ar Liberty, wadda Jerry Falwell ya kafa, ta gayyace shi ya yi jawabin yaye ɗalibai. A watan Oktoban 2012 ya ziyarci shahararren mai wa'azi Billy Graham, kuma cikin 'yan kwanaki ƙungiyar Mr Graham ta cire sunan Mormon daga jerin ɓatattun ƙungiyoyi da ke shafinta na intanet. Bayanin da ta bayar shi ne ba ta son shiga muhawarar aƙida da aka siyasantar. Ba ta ce ta canza ra'ayi ba.

Ranar zaɓe kusan kashi 78 na fararen fata 'yan Ibanjelika suka zaɓi Mr Romney, fiye da abin da John McCain ya samu a 2008, kuma kusan daidai da kason da ya samu a tsakanin 'yan ɗariƙarsa. Ya sha kaye a hannun Barack Obama, amma ba su ne suka kayar da shi ba. Abin lura a nan, cikin mutane huɗun da suka yi takarar shugaba da mataimaki, Mr Obama ne kaɗai ɗan Furotesta. Sai dai wani binciken cibiyar Pew a wannan shekarar ya nuna kashi 17 na masu zaɓe sun ɗauka Musulmi ne, kuma a tsakanin masu ra'ayin riƙau adadin ya fi haka nesa.

Zaman 'yan marina

Abin da ya haɗa ɓangarorin a bayyane yake: zubar da ciki, auren jinsi, da 'yancin majami'u da makarantunsu. A 2008 'yan Mormon ne suka ba da kaso mai tsoka na kuɗi da 'yan sa kai a yaƙin neman haramta auren jinsi a California, kafaɗa da kafaɗa da bishof-bishof na Katolika da fastocin Ibanjelika. Wannan ya saya musu mutunci a dama, ya kuma jawo musu baƙin jini a hagu. Binciken Gallup na 2011 ya nuna cewa 'yan Democrat sun fi 'yan Republican ƙin zaɓen ɗan Mormon, alhali a lokacin jagoransu a majalisar dattawa, Harry Reid, ɗan ɗariƙar ne.

Babu wanda ya fayyace yanayin wannan ƙawance kamar Albert Mohler, shugaban wata babbar makarantar horar da fastocin Baptist. A 2013 ya tsaya a jami'ar Brigham Young ya gaya wa masu masaukinsa cewa bai yi imanin za su shiga aljanna tare ba, amma mai yiwuwa su shiga kurkuku tare. An karɓi maganar hannu biyu.

Za a iya cewa wannan shi ne haƙuri na gaskiya, domin wanda ka yarda da shi ba ya bukatar ka haƙura da shi. Kuma akwai waɗanda suka wuce nan. A 2004 Richard Mouw, shugaban makarantar tauhidi ta Fuller, ya tsaya a babban zauren cocin a Salt Lake ya nemi gafara a kan yadda 'yan Ibanjelika suka riƙa jirkita aƙidar Mormon. Ya sha suka daga mutanensa.

Amma ƙawancen da maslaha ta ƙulla yana da rauni a inda maslahar ta rabu, kuma zuwan Mr Trump ya nuna haka. A watan Disamban 2015, da ya yi kira a hana Musulmi shiga Amurka, cocin Mormon, wanda ba ya cika tsoma baki a takara, ya fitar da sanarwa yana tunatarwa da wata dokar birnin Nauvoo ta 1841, zamanin Joseph Smith, wadda ta lissafa Musulmi cikin waɗanda aka bai wa cikakken 'yancin addini. Gwamnan Utah na lokacin, Gary Herbert, ya ƙi bin sahun takwarorinsa na Republican da suka ce ba za su karɓi 'yan gudun hijirar Siriya ba. Mutanen da aka taɓa sa hannu a takardar korarsu ba su manta ba.

A zaɓen 2016 kusan kashi 80 na fararen 'yan Ibanjelika suka bi Mr Trump. A Utah, wadda rabonta da zaɓen ɗan Democrat tun 1964, bai kai rabin ƙuri'u ba, kuma wani ɗan takara mai zaman kansa ɗan Mormon ya kwashe fiye da kashi 21. A 2018, da aka zaɓi Fasto Jeffress ya yi addu'a a bikin buɗe ofishin jakadancin Amurka a birnin Ƙudus, Mr Romney ya fito ya kira shi mai ƙyamar addinin wasu, yana tuna abin da ya faɗa a kan Yahudawa da Mormon da Musulunci. A watan Fabrairun 2020 ya zama sanata na farko a tarihin ƙasar da ya kaɗa ƙuri'ar tsige shugaba ɗan jam'iyyarsa, kuma ya ce rantsuwar da ya yi a gaban Allah ce ta tilasta masa. Da yawa daga cikin waɗanda suka zaɓe shi a 2012 suka mai da shi maci amana. Ya bar majalisar a watan Janairun 2025.

Bai kamata a zuzuta wannan rabuwa ba. Mafi yawan 'yan Mormon sun koma sun zaɓi Mr Trump a 2020 da 2024, kuma Sanata Mike Lee na Utah yana cikin manyan 'yan gaban goshinsa. Amma a 2022 cocin ya goyi bayan dokar da ta kare auren jinsi a matakin tarayya, bisa sharaɗin an kare 'yancin majami'u, yayin da shugabannin Baptist da bishof-bishof na Katolika suka yi adawa da ita.

Ga Musulmin Amurka, waɗanda ba su kai 'yan Mormon yawa ba, wannan tarihi ba baƙo ba ne. Tambayar da aka yi wa Smoot, ko biyayyarsa ga addini ba za ta rinjayi biyayyarsa ga ƙasa ba, ita aka yi wa Keith Ellison, Musulmin farko a majalisar wakilai, lokacin da ya ɗora hannu a kan kwafin fassarar Alƙur'ani da Thomas Jefferson ya mallaka a 2007. A binciken Gallup na 2015, kashi 81 sun ce za su iya zaɓen ɗan Mormon a matsayin shugaba, kashi 60 kuma Musulmi.

Zaɓe dai daban, ƙauna daban. Da cibiyar Pew ta tambayi Amurkawa ra'ayinsu a kan mabiya addinai, a sakamakon da ta fitar cikin 2023, kashi 15 ne kawai suka ce suna kallon 'yan Mormon da idon rahama, kashi 25 suka ce akasin haka. A cikin duk rukunonin da aka tambaya, 'yan Mormon ne kaɗai suka nuna kyakkyawan zato ga kowa, har da Musulmi, da waɗanda ba su yarda akwai Allah ba, da kuma 'yan Ibanjelikan da ba su rama musu da irinsa ba.

A makon da ya biyo bayan harin Grand Blanc, yayin da ake ta musu a kan ko mamatan Kiristoci ne, wani ɗan ɗariƙar ya buɗe asusun neman taimako a intanet domin matar maharin da ɗansa. Aka tara ɗaruruwan dubban daloli, kuma da dama daga cikin waɗanda suka bayar sun rubuta cewa su 'yan cocin ne.